Amya a Bakin Gona: Aikin Bazara da Lafiyar Gida

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka yi mamakin ganin zancen ƙudan zuma a cikin ɗan littafin asibiti. Ga dalili. Kowace shekara, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa Afrilu, akwai wasu irin marasa lafiya da nake karɓa a ɗakin shan magani waɗanda ba na ganinsu sosai a sauran watanni. Magidanci da ya faɗo daga kan bishiya da tsakar dare. Yaro da fuskarsa ta kumbura har idanu suka rufe. Saurayi da wuta ta cinye masa bayan hannu. Manomi da aka kawo yana zufa, yawu na zuba, yana warin maganin feshi. In ka bi sawun kowannensu, sau da yawa wuri ɗaya za ka tarar, wato inda amya ta yi maƙwabtaka da gona.

Ƙasarmu ta Adamawa a nan Kamaru ƙasar zuma ce. Wanda ya taɓa bin jirgin ƙasa tsakanin Ngaundere da Yawunde ya san masu tallar zuma a tashar Ngaundal. Haka ma Meiganga da Tibati. Gbaya da Mbum sun gaji saƙa amya da rataye ta tun kaka da kakanni, Hausawa da Fulani kuma suna ciki, wasu da amyarsu, wasu da fatauci. Da kuɗin zuma da kaki ake biyan makarantar yara, da su ake sayen magani. Saboda haka ba zan ce maka ka bar sana'ar ba. Abin da ya canja shi ne gona ta matso daji, famfon feshi kuma ya shiga kusan kowane gida. Kiwon da kakanka ya yi can cikin ƙungurmin daji, kai kana yinsa ne a gefen masarar maƙwabcinka, kusa da hanyar da yara ke bi zuwa rafi.

Abin da ke faruwa a cikin amya

Cikin rani manyan itatuwa suke fure: mangwaro, kaɗanya, ɗorawa, maje da ire-irensu. Ƙudaje su yi ta jigilar ruwan fure da garin fure, sarauniya kuma ta yi ta zuba ƙwai, tana iya wuce dubu a rana ɗaya. Ƙwai yakan zama cikakken ƙuda mai aiki cikin kwana 20 ko 21. Shi ya sa idan bazara ta kama, amya ta cika maƙil da jama'a da zuma, ga kuma zafin watan Maris. Mai dukiya a ɗaki ba ya barci da ido biyu rufe. Wannan ne lokacin da ƙudan zuma suka fi faɗa a duk shekara, kuma shi ne daidai lokacin da manomi ke shiga gona da gatari da wuta da shanun huɗa.

Idan amya ta cika ƙwarai, tsohuwar sarauniya takan fita da kusan rabin jama'arta neman sabon gida. Su ne kake gani sun dunƙule a reshe ko a ƙarƙashin rufin makaranta. Waɗannan ba su da 'ya'ya ko zuma da za su tsare, yawanci ba su da faɗa in ba a tsokane su ba. A hana yara jifa, kada a sa musu wuta. A kira mai amya ya zo ya kwashe su, ko a ba su kwana ɗaya ko biyu, za su tashi da kansu.

Inda za ka ajiye amya

Yawancin harbin da ke kawo mutane wurinmu ba mai amyar ya samu ba. Wani ne can da bai san ma akwai amya a wurin ba: mace mai neman itace, yaro mai kiwo, ɗan ƙwadago da aka sa sharar gona. Don haka kafin ka rataye amya, tsaya ka dubi wurin da idon wanda zai wuce. Nisanta ta da gidaje, da makaranta, da masallaci ko majami'a, da rijiya, da hanya. Ni nakan ce taku ɗari biyu ko fiye, kuma in da hali a sami duhuwa ko shinge mai tsawo a tsakani, domin shinge yana tilasta wa ƙudaje su tashi sama, su wuce bisa kan mutane. Bakin amya kada ya fuskanci hanya ko gonar da ake aiki a ciki.

Ka tuna da dabbar da ke ɗaure. Saniya ko akuya da take sake za ta gudu. Wadda ke turke ba ta da inda za ta, sai ta mutu a wurin. Jaki, kare a sarƙa, kaji a akurki, duk haka ne. Ƙarar inji da girgizar ƙasa su ma suna tayar da ƙudaje. Idan maƙwabcinka zai kawo tarakta ko shanun huɗa kusa da bishiyar da amyarka take, ya kamata ya sani tun kafin ranar, ba sai an kwance shanu ana gudu ba. Sa alama a jikin bishiyar, ko da jan ƙyalle ne, ka kuma faɗa wa mai unguwa.

Sai maganar tsawo. Na san dalilin da ya sa ake kai amya can ƙololuwa: ɓarawo, dage, da wutar daji, kuma ƙudaje sun fi saurin shiga amyar da ke sama. Amma ni ce nake ganin abin da ke biyo baya. Mutum yana sama cikin duhu, hannu ɗaya da wuta, ɗaya da wuƙa, ƙudaje na harbin fuskarsa, ga reshen da gara ta ci ta ciki. Karayar hannu ko ƙafa tana warkewa. Karayar ƙashin baya kuwa takan bar mutum kwance har ƙarshen ransa, iyali su koma jinya maimakon noma. In za ka iya, bayan ƙudaje sun shiga, sauko da amyar da dare a hankali ka rataye ta da waya tsakanin sanduna biyu, daidai ƙirjinka, a gindin bishiyar nan ɗin. In kuwa dole ta zauna sama, ka gwada reshen da rana, ka ɗaura igiya a ƙugu, ka zuro amyar ƙasa da igiya ka yi aikin a ƙasa. Kada ka tafi kai kaɗai. Wanda ya sha giya ba ya hawa bishiya, ko kofi ɗaya ne.

Idan mutum ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a tashe shi zaune, kada a naɗe shi a kan babur. A cire ƙyauren ɗaki ko a samo faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya, ɗaya yana riƙe da kansa kada ya juya. A haka za a kawo shi.

Ƙishirwa

Mutane da yawa ba su san ƙudan zuma na shan ruwa ba. Suna sha, kuma da ruwa suke sanyaya amya: su shimfiɗa shi a kan saƙa, su yi ta fifita da fikafikai. A zafin bazara, lokacin da ƙananan rafuka suka ƙafe, duk inda ɗigon ruwa yake can za su: bakin rijiya, randar tsakar gida, wurin wanke-wanke, kwatamin lambu. Nan suke haɗuwa da mata da yara. Haka kuma idan garin fure ya yi ƙaranci, za ka gan su a kan garin rogo ko na masara da aka shanya.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ajiye musu tsohuwar tukunya ko rabin jarka mai tsabta a inuwa kusa da amya, ka zuba tsakuwa ko karare a ciki don su sami wurin sauka kada su nutse. Ka fara tun kafin zafi ya tsananta, domin in sun riga sun saba da rijiyar unguwa, raba su da ita da wuya. Ka riƙa zubar da ruwan kana sakewa bayan kwana biyu ko uku. In ka bar shi ya yi mako, ka buɗe wa sauro gidan haihuwa, mu kuma ka ƙara mana masu zazzaɓi.

Ranar ɗiban zuma

Damin ciyawa mai cin wuta shi ne kayan aikin da aka gada, amma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Yana ƙona ƙudaje, yana sa toka da ƙauri a cikin zuma har farashinta ya faɗi, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya tashi gobara a busasshen daji a watan Maris. Abin da ƙudaje ke buƙata hayaƙi ne mai sanyi, ba harshen wuta ba. Maƙerin gwangwani na iya haɗa maka abin busa hayaƙi da tsohon gwangwanin madara da ɗan mafici na fata. Zuba masa totuwar masara, ko busasshen kashin shanu, ko ruɓaɓɓen itace. Kada ka ƙona roba, ko leda, ko tsohon takalmi, ko buhun da aka zuba taki ko irin shuka mai magani. Zuma da kaki suna shan wari, suna kuma riƙe guba.

Akwai wani abu da ya fara yaɗuwa wanda nake roƙonka da girman Allah kada ka yi: fesa maganin sauro ko na ƙwari a cikin amya ko kogon bishiya don a kashe ƙudajen a kwashi zuma cikin sauƙi. Wanda ya yi haka ya kashe abin da ke ciyar da shi, sannan ya ɗauki gubar ya kai kasuwa. Mai saye ba zai gane da ido ba, kuma mai yiwuwa don mara lafiya ya saya.

Rufe jikinka. Riga mai kauri, mai haske, ba baƙa ba. Ɗaure bakin wando da na hannun riga, sa malafa ka zagaye ta da yadin raga. Amma lura, gidan sauron da muke rabawa a asibiti akwai maganin ƙwari a jikin zarensa. Ba a yin mayafin fuska da shi, ba a kuma tace zuma da shi.

In ka buɗe amya, kada ka share ta tas. Yanki saƙar da aka rufe bakinta da kaki, ita ce zumar da ta nuna, ruwan cikinta bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, shi ya sa take daɗewa ba ta lalace ba. Wadda bakinta ke buɗe ɗanya ce, za ta yi kumfa ta yi tsami cikin 'yan makonni. Saƙar da ke da ƙwai da 'ya'ya kuwa bar ta inda take, su ne ma'aikatan watan gobe. Ka kuma bar musu rabonsu na zuma, domin idan damina ta yi nisa, ruwa na zuba kullum, fure kan yi wuya. Amyar da aka bari ba abinci, ƙudajen ƙasarmu ba sa zama su mutu a ciki, ƙaura suke yi, ka wayi gari da kango. A nan ne amyar katako mai sanduna a sama, irin wadda ake kira ta Kenya, ta fi ta gargajiya: kowace saƙa tana rataye a sandarta mai faɗin milimita 32, ka ɗaga ka duba, ka mayar da wadda ba ka so. Tana da tsada, gaskiya ne, kuma ɓarawo ya fi sonta. Wanda ba shi da halinta, ya yi wa amyarsa ta ciyawa murfi a baya, domin yawanci zuma can baya take, 'ya'ya kuma wajen ƙofa.

Maganin feshi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne asarar ta fi yawa, nan ne kuma rigima tsakanin maƙwabta take tashi.

Ƙudan zuma yakan yi tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure, wani lokaci fiye. Ke nan gonar da kake ganin ta yi nisa da amyarka, a wurinsa bakin ƙofa ce. A bazara, masu lambu suna fesa wa tumatir da kankana da kabewa magani. Masu gonar damina suna fesa maganin ciyawa kafin shuka, suna kuma cuɗa iri da garin magani. Da masara ta tashi sai feshin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta shigo Afirka a 2016, wadda ta sa har waɗanda ba su taɓa fesa wa masara komai ba suka sayi famfo. Ƙudaje kuwa suna son garin furen saman masara ƙwarai. Can arewa, wajen Garwa da Marwa, ga auduga da wake.

Magungunan ƙwari da suka fi yawa a kasuwanninmu, irin su saifametirin, da lamda-saihalotirin, da imidakulofirid, duk suna kashe ƙudan zuma da ɗan kaɗan. Na ƙarshen nan, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018, tare da wasu biyu danginsa, saboda ƙudan zuma. Irinsa yana shiga cikin jikin shuka ya fito har cikin fure. Maganin ciyawa ba ya kashe ƙuda nan take kamar na ƙwari, amma yana share furannin bakin gona da suke dogara da su. Kada launin da ke ƙasan takardar kwalba ya ruɗe ka. Ja, rawaya, shuɗi ko kore, wannan yana nuna haɗarin maganin ga mutum ne, ba ga ƙuda ba. Duba ko akwai hoton ƙudan zuma a takardar, ko ka sa mai karatun Faransanci ya nemo maka kalmar abeilles.

Yadda za ka gane guba ta shiga amyarka: ka tarar da gawarwaki tuli a ƙofa ko a ƙasa, da yawa harshensu a waje. Wasu na rarrafe suna karkarwa, sun kasa tashi. Waɗanda suka rage sun ƙara faɗa. Amyar da jiya take ta zirga-zirga yau ta yi tsit. In ka ga haka, kada ka ɗebi zumar ka ci ko ka sayar.

To, me za a yi? Ba za ka iya hana mutum kare amfanin gonarsa ba, shi ma yana da bakuna da zai ciyar. Abin da za ka iya shi ne ka je ka same shi tun yanzu, kafin ya sayi maganin, ba ranar da ka tsinci gawarwaki ka je da fushi ba. Tafi da kwalbar zuma a hannu. Abin da za ka roƙa ba shi da yawa. Ya sanar da kai kwana ɗaya ko biyu kafin feshi. Ya yi feshin da yamma liƙis, bayan ƙudaje sun koma gida, ba da hantsi ba lokacin da suke kan fure. Kada ya fesa a ranar iska. In shukar tana cikin fure sosai, ya jinkirta in zai yiwu. Kada ya wuce ma'aunin da aka rubuta, domin ninka magani ba ya ninka amfanin gona. Kuma kada ya wanke famfo a rafi ko ya zubar da ruwan wankin inda zai kwanta, domin ƙudaje masu ƙishirwa za su sha, awaki za su sha, yara kuma suna wasa a wurin.

Ka nuna masa cewa shi ma yana da riba. Kankana da kabewa ba sa ɗaura 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauki gari daga wannan fure ya kai wancan. Ridi, auduga, mangwaro, piya da lemo duk suna ƙara yabanya inda ƙudan zuma ke da yawa. Feshin yamma kuma ya fi masa lafiya: ba rana mai zafi, ba zufa mai buɗe fata, ita tsutsar masarar ma da yamma da dare take fitowa ci.

Idan an sanar da kai, kana iya toshe ƙofar amya da raga tun da asuba, ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu mai tsabta, ka riƙa yayyafa ruwa. Amma na 'yan sa'o'i ne kawai. Amyar da aka toshe ba iska a zafin bazara, zafi zai kashe ta kafin magani ya kashe ta.

Shi kuma mai feshin, wanda sau da yawa kai ne da kanka: doguwar riga, takalmin roba, safar hannu, abin rufe hanci. Iska ta kasance a bayanka. Ba cin goro, ba shan taba, ba busa bakin famfo da baki idan ya toshe. In ka gama, wanka da sabulu, kayan kuma a wanke su daban. Wanda bayan feshi ya fara zubar da yawu, zufa, amai, zawo, gani dishi-dishi, ko numfashi da ƙyar, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa, a kawo shi maza tare da kwalbar maganin, domin sunan da ke jikinta shi ke gaya mana allurar da za mu yi. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai.

Kwalba ko jarkar da maganin feshi ya taɓa zama a ciki ba ta sake zama ta abinci, ko an wanke ta sau goma. Na taɓa karɓar gida guda, uwa da yara uku, da amai da ciwon ciki, muka yi ta tambaya har muka gano jarkar da suke zuba abin sha. Huda irin wannan jarka don kada wani ya tsinta. Zuma a zuba ta a bokitin roba sabo mai murfi ko kwalbar gilashi. Ba a ajiye ta a garwar ƙarfe, domin tana da ɗan tsami da ke cin ƙarfe.

Kafin ruwa ya sauka

Iskar hadarin farko ita ke kayar da amya. Duba igiya da reshe, sabunta jinkar da ke kanta, toshe tsaguwa da laka da kashin shanu, ka ɗan sunkuyar da bakinta ƙasa don kada ruwa ya shiga. Nome ciyawar da ke gindin bishiyar ka kwashe, tun kafin a fara ƙona sharar gona. In amyar tana kan sanduna, shafa baƙin mai a waya ko ƙafafun, ba a jikin amyar ba, ka zuba toka a gindi saboda tururuwa da kwarkwasa. Amyar da ba kowa a ciki, kakkaɓe ta, fitar da tsohuwar saƙar da tsutsa ta ci, ka goga mata kaki da ganyen sitronel ka mayar.

Idan an yi harbi

In ƙudaje suka taso maka, ka rufe fuska da riga ka gudu kai tsaye zuwa ɗaki ko mota ka rufe. Kada ka tsaya kaɗe-kaɗe. Kada ka faɗa ruwa, za su jira ka a sama. Ƙaramin yaro a ɗauke shi, ba a ja hannunsa ba.

Ƙudan zuma yana barin ƙarinsa a fata tare da 'yar jakar dafi da ke ci gaba da tura dafin. Cire shi nan take, da farce ko bayan wuƙa, sauri shi ne abin nema. Wanke wurin da sabulu, domin ƙarin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran. Ɗora tsumma mai sanyi, cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a sha farasitamol. Hannu na iya kumbura kwana biyu ko uku, yana ƙaiƙayi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Kada a tsaga, kada a shafa fetur ko ƙasa.

Abin tsoro iri uku ne. Na farko, wanda jikinsa ba ya jituwa da dafin. Wannan harbi ɗaya ya ishe shi, kuma yakan faru ko ga wanda aka sha harbi a baya ba abin da ya same shi. Cikin 'yan mintoci sai borin jini a duk jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na ƙara, jiri, ko ya yanke jiki ya faɗi. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya, ba wani abu ba. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta, rubutu ko jiƙo ba sa jiran wannan. Kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi masa sauƙi a zaune, a jingina shi. Mai ciki ta kwanta a gefen hagu. Kada a bar shi ya miƙe tsaye ko ya taka da ƙafarsa, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin jininsa ya yi ƙasa, miƙewar na iya tsayar da zuciya. Na san a ƙauyuka da yawa babur kaɗai ake da shi. In akwai mota ko keke mai ƙafa uku da zai kwanta a ciki, ya fi. In babu, a buga waya ko a tura mai babur ya ɗauko ma'aikacin lafiya mafi kusa da allurar, su haɗu a hanya. Bayan allura mukan riƙe mutum sa'o'i da dama, domin abin yakan dawo. Wanda hakan ta taɓa samunsa, ya bar wa ɗansa ko ƙaninsa aikin amya. Ka tambayi ɗakin shan magani na kusa da kai tun yanzu ko suna da adirenalin.

Na biyu, harbi a cikin baki ko maƙogwaro, kamar wanda ya tauna saƙa da ƙuda a ciki. Kumburin na iya toshe numfashi. A kawo shi ko yana jin ƙalau.

Na uku, harbi mai yawa. Babba da ya sami hamsin ko fiye, ko ƙaramin yaro ko tsoho da ya sami ko da goma ne, a kawo shi. Dafi mai yawa yana narkar da tsoka da jini, ya je ya toshe ƙoda, kuma ba a ranar yake nunawa ba. Mutum na iya komawa gida yana dariya, washegari fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi ko ya ɗauke gaba ɗaya. A ba shi ruwa ya yi ta sha a hanya.

Zumar da ta iso gida

Musulmi da Kirista duk mun san darajar zuma a littattafanmu, ni ma ba na musun amfaninta. Ƙaramin cokali ɗaya da dare yana sassauta tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya. Mu ma a asibiti mukan sa ta a kan wasu gyambuna, bayan an wanke, an duba zurfinsu. Amma wanda ya ƙone, ruwan sanyi mai tsabta za a fara kwarara masa na minti 20, ba zuma ba. Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma sukari ce, ba maganin ciwonsa ba ce.

Ke kuma uwar gida, da ke kaka, wannan taku ce. Jaririn da bai cika wata 12 ba, ba a ba shi zuma, ko ɗigo a leɓe ranar haihuwa, ko a ruwan jiƙo, ko a kan nono don ya kama. Ko zumar da ta fi kowace tsabta tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da ke cikin ƙasa da ƙura, wadda tafasawa ba ta kashe ta. Hanjin babba yana fin ƙarfinta, na jariri bai yi ƙwari ba tukuna, sai ta tsiro a ciki ta saki guba mai shanye jiki. Alamarta ita ce jariri ya daina bayan gida, ya kasa tsotson nono, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, fatar idonsa ta sauko. In kin ga haka ki kawo shi a ranar, ki kuma faɗa mana in an ba shi zuma. Ba faɗa za mu yi miki ba, sanin zai taimake mu. Wata shida na farko nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata.